Yadda ake gano abin da ke sa ganyen inabi ya yi ƙoƙo

Ka shiga gona da sassafe, ka ɗaga kai a ƙarƙashin rumfar inabi, sai ka ga ganyen da ka saba gani a baje kamar tafin hannu ya tattare baki ya zama ƙoƙo. Wani ya buɗe sama kamar yana tarar ruwa, wani ya kife. Abin da akasarin manoma ke yi a nan shi ne su tsinki ganye ɗaya su nufi shagon magani. A duba a ce ƙwari ne, a miƙo musu kwalba. Su yi feshi, mako ya zagayo ganye yana nan yadda yake, su koma su sayo wata. Wannan abu yana damuna, domin inabi itace ne da aka kashe wa kuɗin rumfa da waya da rijiya, ana sa ran cin moriyarsa shekara da shekaru. Bai kamata a riƙa yi masa magani da ka ba.

Ƙoƙon ganye alama ce kawai, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Bakin ganyen ne ke daina girma ko ya rage, tsakiyarsa kuma tana ci gaba, sai ya tattare kamar an ja zariyar wando. Abubuwan da ke iya jawo haka suna da yawa: maganin ciyawa, ƙwari masu tsotso, fumfuna, ƙwayar bairos, yunwar ƙasa, ƙishirwa, ruɓewar itacen daga ciki. Ganye ɗaya a hannu ba zai faɗa maka wanne ne ba. Gonar ce ke fara magana, sai reshe, sannan ganye. A haka za mu bi su.

Mataki na 1: Ajiye injin feshi, ɗauko littafi

Kwana biyu na bincike ba za su kashe inabi ba. Tanadi farar takarda, wuƙa mai kaifi, fartanya, leda mai tsabta, tsumma mai launi na sa alama, da gilashin ƙara girma, in da hali mai ninki 10. In babu, kyamarar waya tana taimakawa.

Rubuta ranar da ka yi wa inabin aski, wato ka yanke masa rassa, da duk abin da aka fesa a cikin wata guda da ya wuce, da injin da aka yi amfani da shi, da takin da aka zuba, da yadda ban-ruwa ya kasance. In yaron gona ne ya yi feshin, tambaye shi cikin lalama. Muddin ya ji za a ɗora masa laifi, ba zai gaya maka cewa injin maƙwabci ya aro ranar ba, alhali amsar duka tana iya kasancewa a nan.

Mataki na 2: Koma bakin gona ka dubi inda abin ya faɗa

Zagaya gonar gaba ɗaya kafin ka taɓa ko ganye ɗaya. Zana layukan a takarda, ka riƙa sa alama a kan kowane gindin da ya kamu.

Idan abin ya fi tsanani a gefe ɗaya, yana raguwa yayin da kake shiga ciki, to wani abu ne ya shigo daga waje, galibi iska ce ta kawo shi. Dubi abin da ke bayan shingen: shinkafa ce, masara ce, rake ne, ko bakin hanya da aka fesa wa maganin ciyawa?

Idan ya bi layi-layi, layi 4 sun kamu, na 5 lafiya lau, ko kuma ya tsaya cak daidai inda ruwan tanki ɗaya ya ƙare, wannan aikin hannun mutum ne. Ƙwaro da cuta ba sa bin layi da irin wannan tsari.

Idan ya taru wuri guda kamar tabarma, a kwari inda ruwa ke kwanciya, ko a kan jigawa mai yashi, ko a ƙarshen layin da ruwa ba ya isa sosai, ƙasa da ruwa za ka fara zargi.

Idan gindi ɗaya ne a nan, ɗaya a can, na kusa da su kuma ƙalau, ko hannu ɗaya ne na itacen ya lalace ɗayan yana lafiya, to matsalar a jikin itacen take: bairos, ruɓewar kututture, ko saiwa.

Idan kuma ko'ina ne, lokaci guda, bayan kwanakin zafi mai tsanani ko busasshiyar iskar hunturu, dawo da magariba da kuma washegari da asuba. Ganyen da zafi da ƙishirwa suka naɗe yakan saki jiki idan gari ya yi sanyi. Wanda ya wayi gari a ƙoƙo, ya yi tauri a haka, ba ƙishirwar rana ɗaya ba ce.

Kada ka manta da sauran shuke-shuke. Tumatir, wake, kuɓewa, auduga da ciyayi masu faɗin ganye da ke bakin gona shaidu ne. Idan su ma sabon ganyensu ya murɗe, ka gama rabin bincike, domin cutar inabi ba ta kama tumatir da kuɓewa da ciyawa a rana ɗaya.

Mataki na 3: Karanta reshe daga gindi zuwa kai

Reshen inabi kamar kalanda yake. Ganyen gindi shi ne ya fara fitowa, na kai shi ne na wannan makon. Kama reshe ɗaya ka bi shi gaɓa-gaɓa.

Ƙananan ganyen kai ne kawai suka lalace, tsofaffi lafiya? Maganin ciyawa, ƙwari masu tsotson toho, farar fumfuna, ko ƙarancin zink da boron, sinadaran da shuka ke ci daga ƙasa. Tsofaffin ganyen gindi da na tsakiya ne suka naɗe, kai yana kore shar? Bairos mai naɗe ganye, ƙarancin fotash (shi ma abincin shuka ne), gishiri a ruwa, ko wani abu ya shaƙe reshen. Akwai kuma na uku, wanda ya fi kowanne bayani: ganyen gindi lafiya, sai ganye 3 ko 4 a tsakiya sun lalace, sannan na sama sun koma daidai. Wannan yana nufin abu ya faru sau ɗaya ya wuce, kamar feshin da ya ƙetaro rana guda. Da cuta ce ko yunwa, da ba ta tsaya ba.

Za ka ji ana cewa ƙoƙon da ya dubi sama na kaza ne, wanda ya kife na kaza ne. Ka rubuta inda ya duba, amma kada ka yanke hukunci da shi kaɗai, domin abu ɗaya yana iya yin duka biyun. Haka kuma ganyen da bai daɗe da fitowa daga ido ba dama a naɗe yake, kuma wasu irin inabi halittarsu ce ganyen ya ɗan lotsa. Kwatanta da gindi mai lafiya na iri ɗaya, mai shekaru ɗaya.

Mataki na 4: Fara da maganin ciyawa

A nan zan daɗe, domin a ganina shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi cancanta a fara zargi a wurare irin Kudan da Hunkuyi a jihar Kaduna, inda gonar inabi ke maƙwabtaka da gonakin masara da shinkafa da rake.

Akwai rukunin magungunan ciyawa da ke kashe mai faɗin ganye su bar hatsi. Sananne a cikinsu shi ne 2,4-D, sai dikamba da 'yan uwansu. Suna aiki ne ta hanyar kwaikwayon sinadarin girma na jikin shuka, su ruɗa ta ta yi girma ba tsari. Inabi yana cikin shuke-shuken da suka fi kowa rashin jure su: kashi 1 cikin 100 na adadin da ake fesa wa ciyawa ya isa ya ɓata masa ganye.

Ga yadda 2,4-D ke bayyana. Sabon ganye yana fitowa ƙarami, siriri, a buɗe kamar mafici. Jijiyoyinsa, maimakon su bazu kamar yatsu, sai su matsu su jeru kusa da juna, su yi kauri su yi fari-fari. Haƙoran bakin ganyen su yi tsini da tsawo. Fatar ganyen ta yi kaushi da ƙurarraji. Kan reshe yakan lanƙwashe cikin kwana ɗaya ko biyu, amma lalatattun ganyen sai a hankali suke bayyana yayin da sabon toho ke buɗewa, wani lokaci har mako 2 ko 3. Shi ya sa manomi kan ce ai ba a yi feshi ba a 'yan kwanakin nan, ya mance da na makon jiya. Dikamba kuwa ita ce gwanar ƙoƙo: ganyen ya zagaye, bakinsa ya tsuke da siririn layi mai haske, tsakiya ta lotsa.

Gilaifoset, wanda ake kashe ciyawar ƙarƙashin rumfa da shi, nasa daban ne. Yana shiga ta ɗanyen ganye ko tohon da ke fitowa a gindin itace. Ganyen da za su biyo baya sukan fito ƙanana, sirara, rawaya-rawaya, gaɓoɓi gajeru, toho ya cunkushe wuri ɗaya. Idan a ƙarshen kaka ya shiga, yana iya kwanciya a jikin itacen sai bayan aski na gaba ya nuna kansa. Farakwat kuma ƙuna yake yi: ɗigo-ɗigo masu launin ƙasa daidai inda ya sauka, sabon ganye ya fito lafiya.

Ta ina yake shigowa? Ta hanya huɗu, ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko iska ce, lokacin da ake feshi a gonar kusa. Ta biyu tururi. Nau'in 2,4-D da aka rubuta wa esta a jikin kwalba yana tashi daga kan ganyen da aka fesa idan zafi ya kai wajen digiri 27 zuwa 30, ko da kwana ɗaya ko biyu bayan feshin, ya yi tafiya mai nisa. Nau'in amin bai cika tashi haka ba. Ka tuna irin zafin da muke gani da bazara.

Ta uku, kuma ita ta fi ba ni takaici saboda a hannunmu take, ita ce injin feshi. Robar tanki da tiyo suna riƙe 2,4-D, ɗauraya da ruwa sau ɗaya ba ta fitar da shi. A fesa wa shinkafa maganin ciyawa yau, jibi a zuba maganin fumfuna a tankin a shiga inabi. Alamar wannan ita ce layukan da aka fara fesawa sun fi lalacewa. Mai inabi ya sayi injin da ba ya taɓa ganin maganin ciyawa, ya shafa masa fenti, kada ya ba da aronsa ko ga ɗan uwa. Bokiti da gwangwanin awo ma haka.

Ta huɗu taki ne. Wasu magungunan wannan rukuni suna ratsa cikin dabba su fito a kashinta ba su mutu ba. Idan abin ya fara bayan ka zuba sabon takin gargajiya, gwada shi: cika gwangwani 3 da ƙasa haɗe da takin, wasu 3 da ƙasa zalla, shuka wake a duka, ka jira mako 2 zuwa 3. In waken takin ya fito da murɗaɗɗen ganye na ƙasa zalla kuma lafiya, ka kama ɓarawo.

Babu maganin da ke warware wannan. Ganyen da ya lalace ya lalace ke nan. Abin yi shi ne ka kiyaye ban-ruwa, kada ka ɗura takin yuriya da sunan farfaɗo da shi, in itacen ya jigata ka rage masa 'ya'ya. Ɓarnar ta fi muni idan ta faɗo tsakanin fitowar toho da fure, domin 'ya'ya ba za su kama da kyau ba.

In ta tabbata daga maƙwabci ne, ka same shi da sallama, ka kai shi ya gani da idonsa. Yawanci bai san abin da ke faruwa ba. "Malam, don Allah duk ranar da za ka yi feshi ka sanar da ni, mu dubi iska tare, kuma a nemi nau'in amin." Wannan ya fi kai ƙara wurin mai unguwa amfani, tunda baɗi ma kuna tare.

Mataki na 5: Juya ganyen

Ƙwarin da ke naɗe ganye a bayansa suke zama, kuma da sassafe aka fi samun su.

Riƙe farar takarda a ƙarƙashin kan reshe, ka kaɗa shi da yatsa sau uku. In ka ga 'yan sirara kamar tsinken gashi, tsawon milimita 1 zuwa 2, rawaya ko baƙi-baƙi, suna gudu a kan takardar, tirips ne, dangin waɗanda ke shiga furen wake da wuyan albasa. Suna kankare fatar ɗanyen ganye su tsotse, ganyen ya tashi a murɗe da tabo mai ƙyalli kamar azurfa ko ruwan ƙasa a gefen jijiyoyi. Sun fi yawa da rani, daidai lokacin da sabon toho ke fitowa bayan aski, kuma su ne ke barin ƙanzo a fatar 'ya'yan.

In ka juya ganye ka ga ɗan kore mai siffar tsinin mashi, kamar milimita 3, yana tafiya a karkace kamar ƙaguwa, manyansu kuma suna tsalle, wannan ɗan tsallen ganye ne, irin wanda manoman auduga da kuɓewa suka sani. Yawunsa yana toshe jijiyoyin ganye. Bakin ganyen ya yi rawaya, ko ja a baƙin inabi, ya kife ƙasa, daga baya ya ƙone. Ko ƙwaron ya tashi, za ka ga fararen saɓarsa manne a bayan ganye.

Dubi hammatar ganye, da cikin nonon inabi, da ƙarƙashin ɓawon kututture. Farin abu kamar auduga, mai danƙo, ganye yana maiƙo kamar an yi darɓa, baƙin fumfuna ya hau kai, kiyashi da tururuwa suna hawa da sauka: ƙwaro mai farin gari ke nan. Wani nau'insa yana dunƙule kan reshe gaba ɗaya. Ka riƙe shi a zuciya, za mu sake haɗuwa da shi a mataki na 7.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani. In saman ganye ya yi ƙulu-ƙulu kamar bororo, ka juya ka ga kowane ƙulu rami ne cike da farin gashi mai laushi wanda ba ya goguwa, daga baya ya koma ruwan ƙasa, wani ɗan mitsitsin dangin gizo-gizo ne. Yana da munin gani amma a babban itace ɓarnarsa kaɗan ce, kuma farar wuta tana rage shi.

Abu ɗaya: ganin ƙwaro biyu ko uku ba ya nufin su ne masu laifi. Duba rassa 20 a inda abin ya kama da 20 a inda bai kama ba. In yawansu ɗaya ne a wuraren biyu, ci gaba da bincike.

Mataki na 6: Fumfuna da gwajin leda

Farar fumfuna tana sa ɗanyen ganye ya murɗe ya ɗaga baki sama. Karkata ganyen a hasken rana, za ka ga kamar an barbaɗa toka, a sama ko a ƙasa, tana goguwa da yatsa, tana warin rima. Ba ta buƙatar ruwan sama. Inuwa take so da yanayi mai sanyi-sanyi, wajen digiri 20 zuwa 27, shi ya sa take samun wuri a cikin rumfar da ta cunkushe. Farar wuta tana maganinta, amma kada a fesa ta da zafi ya haura digiri 30, kuma kada a haɗa ta da maganin feshi mai ɗauke da mai ko a bi shi da ita kafin mako 2. In an yi haka, ita kanta za ta ƙone ganye ta naɗe shi.

Fumfunar damina daban ce. Tana fara da tabo rawaya a saman ganye kamar an ɗiga man gyaɗa, farin gashi kuma ya fito a bayansa bayan dare mai laima. In kana shakka, yayyafa wa ganyen ruwa kaɗan, sa shi a leda, ɗaure, ajiye a ɗaki mai duhu ya kwana. Da safe in farin gashi ya tsiro a bayan tabon, ita ce. Wannan kam ba a jira da ita, domin cikin damina tana iya kakkaɓe ganyen gona cikin ɗan lokaci.

Sai fumfuna mai idon tsuntsu, ita ma ta damina: ƙananan tabo masu baƙin baki da tsakiya mai toka, tsakiyar ta faɗi ta bar huji. In ta kama jijiyar ɗanyen ganye, wurin ya daina girma, ganyen ya tuƙuiƙuye. Za ka ga irin tabon a jikin ɗanyen reshe ma.

Mataki na 7: Idan tsofaffin ganye ne

Abubuwa uku ne ke kama da juna a nan, kuma kama da wane ba wane ba ne.

Bairos mai naɗe ganye yana bayyana ne daga lokacin da 'ya'ya suka fara nuna. Ganyen gindin reshe ne ke fara naɗe baki zuwa ƙasa, ya yi kauri, ya yi ƙaras-ƙaras in ka murza. A baƙi da jan inabi tsakanin jijiyoyi yana yin ja, manyan jijiyoyin kuma su zauna kore. A farin inabi sai dai rawaya-rawaya, da wuyar ganewa. 'Ya'yan ba sa nuna da wuri, ba sa zaƙi, launinsu bai cika ba. Gindi ɗaya ne ke maimaita abin kowace shekara, sannan na kusa da shi a layi su bi. Manyan hanyoyinsa biyu: reshen dashe da aka yanko daga itace mai cutar, da kuma ƙwaron nan mai farin gari. Ba shi da magani. Sa wa gindin alama, kada ka yanki iri daga jikinsa ko ka ba wani, in gwaji ya tabbatar a tumɓuke shi har saiwa. Yadda muke karɓar reshen dashe hannu da hannu, daga gonar aboki zuwa ta aboki, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro game da wannan cuta.

Akwai wani bairos ɗin da ke mai da ganye kamar mafici, har a ɗauka 2,4-D ne. Bambancin: shi yana zaune a gindi ɗaya shekara bayan shekara, reshe yana yin gaɓa biyu a wuri ɗaya ko ya rabu biyu, kuma ciyawar kusa lafiyarta ƙalau.

Ƙarancin fotash kuwa daga bakin ganye yake farawa, galibi a ganyen tsakiyar reshe. Bakin ya dushe, ya yi rawaya ko ja, ya ƙone, ya naɗe. Ya fi kama itacen da aka bar wa 'ya'ya fiye da ƙarfinsa, a ƙasa mai yashi, kuma yana kama yanki ne na gona. Inabi mai cin fotash ne ƙwarai, mai zuba yuriya kaɗai zai gamu da wannan. Ruwan zartsi ma yana ƙone bakin tsohon ganye kamar haka. Ɗanɗana ruwan rijiyar, ka duba ko farin gishiri yana fitowa a bakin kwamin ban-ruwa.

Na uku shi ne mafi sauƙi. In reshe ɗaya tak ya yi ja ya naɗe, bi shi da hannu zuwa ƙasa. Sau da yawa za ka tarar da waya ko igiyar ɗauri ta nutse a cikin ɓawo, ko reshen ya tsage. Kwance ɗaurin, shi ke nan.

Mataki na 8: Wuƙa da fartanya

In hannu ɗaya na tsohon itace ya fitar da toho gajeru, ganye ƙanana masu ƙoƙo, rawaya, bakinsu a yage, ɗaya hannun kuma lafiya, yanke hannun a gicciye kusa da tsohon tabon aski. Lafiyayyen itace fari ne tas. In ka ga mataccen yanki ruwan ƙasa mai siffar yankan kankana, faɗi a baki tsini a tsakiya, fumfunar itace ce da ta shiga ta raunin aski, wataƙila shekaru da suka wuce. Wadda ta fi yin irin wannan ganye an fi saninta a ƙasashe masu sanyi da ruwa. A ƙasashe masu zafi 'yar uwarta ce ta fi yawa, wadda ke busar da rassan mangwaro, ita kuma sau da yawa hannun ne kawai ke mutuwa. Aikin dai ɗaya ne: ci gaba da yankewa har ka wuce tabon da aƙalla santimita 10, shafe raunin, ƙone abin da ka yanke, kuma kada ka yi babban aski ranar da ake ruwa.

Sannan tona gefen gindi, zurfin kamu biyu. Damƙi ƙasar. A bushe take ƙurmus alhali jiya aka yi ban-ruwa? Ruwan bai sauka ba. Tana ɗigar ruwa tana wari? Saiwa ta shaƙe, kuma itacen da ruwa ya yi wa yawa yana yaushi kamar mai ƙishirwa, mai shi ya ƙara masa ruwa. Dubi ƙananan saiwoyi: masu lafiya farare ne ko ruwan madara. Baƙaƙe masu saɓulewa sun ruɓe. Masu ƙulli-ƙulli kamar carbi tsutsar saiwa ce, irin ta tumatir. Duba gara ma a kututturen.

Mataki na 9: Zink da boron

Sai ka kawar da duk na sama kafin ka zo nan. Ƙarancin zink yana ba da ƙananan ganye a kan reshe, masu dabbare-dabbare, inda ganyen ya haɗu da sandarsa kuma ya buɗe fayau maimakon ya zagaye. Nonon inabin ya fito da manya da ƙananan 'ya'ya a gauraye. Yakan faru a yashi, da ƙasa mai kanwa, da wurin da aka daɗe ana turke dabbobi. Ƙarancin boron yana kashe kan reshe, gaɓoɓi su gajarce su kumbura, fure ya zube.

Ina roƙonka kada ka zuba boron da ka. Tazarar da ke tsakanin ƙarancinsa da yawansa 'yar kaɗan ce, kuma yawansa ma ƙoƙo yake sa ganye, da baƙaƙen ɗigo a baki. Wannan sai da awo.

Mataki na 10: Sa alama, jira, ko ka kai samfur

Zaɓi rassa 10 da suka kamu. Ɗaura tsumma daidai ƙarƙashin ganyen ƙarshe da ya buɗe, ɗauki hoto, rubuta kwanan wata. In ka yanke shawarar gwada wani magani ko taki, gwada abu ɗaya kawai, a layi ɗaya, ka bar na kusa da shi haka nan don kwatanci. Dawo bayan kwana 10 zuwa 14 ka dubi ganyen da suka fito sama da tsumman. Su ne za su ba ka amsa, tunda tsofaffin ba za su miƙe ba ko an dace da magani. In sun fito lafiya a layin da ka yi wa magani da wanda ba ka yi wa ba, abin dama mai wucewa ne. In layin magani kaɗai ya gyaru, ka gano shi. In duka biyun suna nan, koma mataki na 2.

Bairos da ƙarancin abinci ido ba ya tabbatar da su, sai ɗakin gwaji. Fara da malamin gona na yankinku. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda a jihar Kano, wurare ne da za a nemi shawara. A Nijar kuma akwai INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar. Tambaya tukuna ko suna yin irin gwajin da kake so kafin ka ɗauki hanya.

Don awon abinci, sandar ganye ake tarawa, wato siririn da ya haɗa ganye da reshe. Lokacin fure, tsinki ganyen da ke fuskantar nonon farko a reshe, cire sandar, ka tara 60 zuwa 100 daga gindi daban-daban. Na wurin da ya kamu daban, na wuri mai lafiya daban, kowanne a ambulan takarda, domin a leda ruɓewa za su yi. Don cuta ko ƙwari, yanko reshe sukutum da ganyensa, tsoho da sabo, haɗe da wani mai lafiya, naɗe a busasshiyar jarida, sa a leda, kiyaye shi daga rana, ka kai a ranar ko washegari. In maganin ciyawa kake zargi kuma kana son hujja, tsinki ganyen da wuri ka sa a firiza, domin sinadarin yana raguwa a jikin ganye cikin kwanaki. Ka tafi da zanen gonar da ka yi a mataki na 2 da littafin da ka rubuta a mataki na 1, a jikin kowane ƙunshi kuma ka rubuta irin inabin, shekarunsa, lambar layi da ranar da ka yanko.